Giram 300 A Tayar Baya: Yadda Na Zaɓi Faifan Birki

Na san masu karanta wannan mujalla tamu sun fi sabawa da ganin rubutu a kan neman gurbin karatu, ko tsadar haya, ko yadda azumi yake kasancewa a ƙasar da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. To a wannan fitowa ni dai da wani abu dabam na zo, wato wani ɗan faifan ƙarfe da bai fi faifan rufe ƙwarya faɗi ba, wanda yake maƙale a jikin tayar baya ta babur. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗalibi da wannan? Amsata ita ce, duk wanda ya taɓa tsayawa da 'yan kuɗinsa a hannu, talla tana jan sa ta nan, ilimin da ya koya a aji yana jan sa ta can, zai ga kansa a cikin wannan bayani ko da bai taɓa hawa babur ba.

Bari in fara da bayanin inda abin yake faruwa. A nan Ingila akwai filayen tseren babura da motoci da dama, irin su Donington Park da Mallory Park da Cadwell Park da Brands Hatch, kuma a ranakun da babu gasa akan buɗe su ga duk mai babur da ya biya kuɗi. Ba tsere ake yi ba, babu wanda zai ba ka kofi. Akan raba mahaya rukuni uku gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya shiga ya yi kamar minti ashirin ya fito, wani ya shiga. Dole ka sa rigar fata da hular kwano da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, kuma akwai ma'aikatan lafiya a tsaye. Babu mota mai tahowa ta gabanka, babu mai tsallaka titi, babu ɗan sanda. Mu kira ta ranar fili. Nawa babur ɗin tsohuwar Honda CBR600RR ce ƙirar 2007 da na saya na hannu, an riga an cire mata fitilu da madubai da lamba, domin ba ta hawa titi, sai dai a ɗauke ta a bayan mota zuwa fili.

A gaban wannan babur akwai faya-fayan birki guda biyu, kowanne faɗinsa milimita 310. A baya kuwa guda ɗaya ne tak, mai milimita 220. Kowane faifai yana da iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba, kuma masu ƙera shi sukan buga wannan adadi a jikinsa. A nawa na baya an buga milimita 4, da na auna kuma sai na tarar saura ƙiris ya kai nan. Ke nan canji ya zama dole. Abin da ya rage shi ne wanne zan saya: irin na kamfani da babur ɗin ya zo da shi, ko kuwa irin marasa nauyin nan da ake yi don fili, waɗanda aka fafake su aka yanyanke gefensu kamar ganyen kabewa.

Birkin gida da birkin fili

Yawancinmu da muka koyi babur a gida, a kan Jincheng ko Bajaj, da ƙafa muka koyi tsayawa. Wanda ya koya maka zai ce kada ka kuskura ka damƙi birkin hannu, zai wuntsila da kai. Kuma yana da gaskiyarsa, domin a kan yashi ko burji ko titin da ƙasa ta rufe, tayar gaba tana saurin zamewa, in ta zame kuwa sai ƙasa. Waɗannan babura ba su da gudu sosai, sau da yawa kuma akwai fasinja ko buhu a baya yana danne tayar, don haka birkin baya yana kamawa da kyau.

A fili lamarin ya sha bamban. Idan mutum ya taho da gudun kilomita 200 a awa ya kama birki da ƙarfi, nauyin babur da na mahayi gaba ɗaya sai ya koma kan tayar gaba, kamar yadda fasinjojin bas suke runtumawa gaba idan direba ya taka birki ba shiri. Tayar baya takan yi sakayau, wani lokaci har ta ɗaga sama ta bar kwalta. Tayar da ba ta danne ƙasa ba kuwa ba ta iya tsayar da komai, ko da wane irin birki aka ɗaura mata. Shi ya sa aka ba gaba manyan faya-fayai biyu, aka bar baya da ƙarami ɗaya. Daga nan ne kuma masu talla suke samun ƙofa: tunda birkin baya ba shi ne mai tsayar da babur ba, me ya sa za ka riƙa yawo da nauyinsa?

Abin da talla ta ce, da abin da lissafi ya ce

Masu sayar da faifai mara nauyi hujja biyu suke kafawa, kuma dukansu suna da tushe a kimiyya. Ta farko ita ce faifan yana juyawa tare da taya, kuma abu mai juyawa ya fi wuyar tayarwa da tsayarwa a kan wanda yake zaune kawai. Ta biyu ita ce faifan yana cikin nauyin da shokozoba ba ta ɗauke da shi, wato taya da rim da kaca da duk abin da yake hawa yana sauka tare da gargadar hanya. In wannan nauyi ya ragu, taya takan fi saurin komawa ta manne da kwalta bayan ta taka tudu.

Karatuna na digiri na biyu a fannin injiniyan injuna ne, don haka ban ga dalilin da zai sa in karɓi magana haka nan ba alhali ina da biro da takarda. Na ɗora tsohon faifan a kan sikelin kicin, bai kai kilo ɗaya ba. Na duba nauyin da masu faya-fayan fili suka rubuta, na ga abin da za a rage bai wuce giram 300 ba, sai fa a waɗanda aka fafake fiye da kima. To mu ɗauki giram 300 ɗin mu bi shi.

Wahalar juya abu ba ta tsaya ga nauyinsa kaɗai ba, ta fi dogara ga nisan nauyin daga tsakiya, domin a lissafi nisan nan sau biyu ake ninka shi. Ƙarfen faifan baya yana zaune kamar santimita 9 daga tsakiyar taya, ita kuwa robar taya tana can wajen santimita 30. In ka raba 9 da 30 ka ninka amsar da kanta, za ka samu ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ma'ana, giram 300 da aka cire daga faifai, idan aka haɗa da amfanin juyawar, daidai yake da an cire kamar giram 325 daga ko'ina a jikin babur. Ni da babur da mai da kayan jikina muna kai wajen kilo 270. Giram 325 a cikin kilo 270 ya ɗan haura kashi ɗaya cikin dubu da kaɗan. Litar fetur guda nauyinta kamar giram 750 ne, ke nan duk abin da ake ta kururutawa bai kai rabin lita ba. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi kafin ya hau babur ya mayar da abin da faifan ya rage, har da riba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, amma ita ma da iyakarta. Tayar baya mai lamba 180/55 da rim ɗinta da faifai da haƙoran kaca, in aka haɗa, sun haura kilo goma. Cire giram 300 daga ciki ragi ne na kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Gwanin da yake neman ɗaya bisa goma na daƙiƙa, wanda ya riga ya sa rim mara nauyi ya gyara shokozoba daidai jikinsa, shi kam yana tara irin waɗannan ƙananan ragi har su zama wani abu, da ma da yayyafi kogi kan cika. Amma ni da nake rukuni na tsakiya, wanda gwanaye suke ba ni tazarar daƙiƙa goma ko fiye a kowane zagaye, ba faifai ne ya raba ni da su ba.

Zafi

Akwai kuma abin da talla ba ta cika ambata ba. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi, kuma faifai shi ne tukunyar da ake zuba wannan zafi kafin iska ta kwashe. Idan kilo 270 ya sauko daga kilomita 200 zuwa 80 a awa, kamar yadda akan yi a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya kafin matsattsiyar kwana, ƙarfin da za a zubar ya kai kilojul 350. Iska da inji suna ɗaukar wani kaso, birkin gaba ya ɗauki mafi yawa. A ce baya ya ɗauki kashi 5 cikin 100 kacal. A faifai mai giram 800 wannan zai ɗaga zafinsa da kamar digiri 45 a taku guda, a mai giram 500 kuwa ya haura digiri 70. Taku ɗaya ba komai ba ne. Amma fili yana da kwana goma ko fiye, kuma zagaye ake ta yi har minti ashirin.

Wanda ba ya taɓa birkin baya sai jefi-jefi, ƙaramar tukunya ta ishe shi. Amma mu da ƙafarmu ta saba da birki tun daga gida, da kuma masu ɗora ƙafa a kan feda ba tare da sun lura ba, muna iya dafa siririn faifai har ya yi shuɗi ya lanƙwashe kamar murfin kwano. Zafin kuma ba ya tsayawa a faifai, yana ratsawa ta takalman birki ya kai ga man birki. Man DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya tsufa ya sha danshi, ƙa'idar da aka gindaya masa takan sauko har digiri 155. Ranar da ya tafasa, ka taka feda ka ji ta tafi ƙasa babu komai. Don haka tambayar farko da mai son faifai mara nauyi zai yi wa kansa ita ce, ni yaya nake amfani da birkin baya? Amsar wannan tana ga ƙafarsa, kuma shi kaɗai ya san ta.

To me birkin baya yake yi a fili?

Kada bayanin da ya gabata ya sa mai karatu ya ɗauka birkin baya ado ne. Mick Doohan, ɗan Ostiraliya, ya yi mummunan haɗari a filin Assen na ƙasar Holan a 1992, inda ƙafarsa ta dama ta lalace har aka yi fargabar yanke ta. Da ya dawo, ƙafar ba ta iya taka birki yadda ya kamata, sai aka ƙera masa wani ɗan maɓalli a hannun hagu da yake dannawa da babban yatsa don kama birkin baya. Da wannan ya ci kambun duniya na ajin 500cc sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 1998, a kan Honda. Da birkin baya ba shi da amfani, da ba a sha wannan wahala ba.

Amfaninsa na sarrafa babur ne. Akan ɗan taɓa shi kafin a kama na gaba domin bayan babur ya zauna, kada ya yi ta rawa. A tsakiyar doguwar kwana, irin Gerard's ta Mallory Park, idan mutum ya ga babur yana buɗewa waje, ɗan taɓa birkin baya yakan jawo shi ciki ba tare da an sake mai gaba ɗaya ba. A wurin da ake kira Mountain a Cadwell Park, inda hanya take hawa tudu har tayar gaba ta ɗaga, da shi ake dawo da ita ƙasa. Duk waɗannan ayyuka ne na lallashi, ƙarfi kaɗan ake so, kuma a nan ne faifai mara nauyi yake da amfanin da ya fi rage giram. Da yake an rage fuskar da takalmi yake gogawa, sau da yawa kamunsa yakan yi sauƙi, ba ya saurin kulle taya. Kulle tayar baya a kwance cikin kwana kuwa yana daga cikin abubuwan da mahaya suka fi tsoro, domin idan tayar ta zame sannan ta sake kama kwalta farat ɗaya, babur yakan yi cilli da mutum sama, ya faɗo a kafaɗa ko a ƙugu.

Sai kuma ranar da ba a fata. Idan mutum ya kasa shan kwana ya fita kan ciyawa, to ya koma irin hanyar da muka koyi babur a kanta: ya taɓa birkin gaba da ƙarfi ya sha ƙasa, birkin baya ne zai rage masa gudu a hankali kafin ya kai shinge. Haka nan idan kan babur ya yi girgiza mai tsanani, girgizar tana iya tura takalman gaba su ja baya, ka kama hannun birki a karo na farko ka ji babu komai sai ka sake matsawa. A wannan ɗan tsakani, abin da yake ƙarƙashin ƙafarka ta dama shi ne abin da kake da shi. Saboda irin wannan ne dokokin tsere suke wajabta birki biyu masu aiki, kowace taya da nata, kowanne kuma mai zaman kansa. Ke nan ana son birkin baya ya kasance mai taushi a kullum, amma kuma ya kasance yana nan daram ranar da aka neme shi. Faifan da aka fafake har ya zama kamar rariya yana iya ba ka na farko ya hana ka na biyu.

Ƙarfe, da mai ƙera shi

Yawancin faya-fayan babura da ƙarfe mara tsatsa ake yin su, irin wanda ake iya gasawa ya yi tauri. Akwai na ƙarfen zubi, wanda yake kamu da kyau amma ruwa kaɗan ya sa shi tsatsa, ga shi kuma Ingila ƙasar ruwa ce. Akwai na taitaniyom, wanda nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfe ba, sai dai ba ya watsa zafi da kyau, ba kowane takalmi yake jituwa da shi ba, ga kuma tsada. Alminiyom ya fi su duka rashin nauyi, amma yana narkewa a digiri 660 kuma yana yin laushi tun kafin nan, don haka sai an yi masa rufi na musamman. Na kabon da ake gani a gasar MotoGP kuwa a gaba kawai suke, domin ba sa kamu sai sun yi zafi ƙwarai. Su kansu waɗannan babura, da duk kuɗin da ake kashe musu, faifansu na baya na ƙarfe ne. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Daga nan sai maganar wanda ya ƙera. Akwai kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Brembo da Braking na Italiya, da Galfer na Sifen, da EBC na nan Ingila. Akwai kuma faya-fayai barkatai a kasuwannin intanet, masu kyan gani a hoto, a kan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin waɗancan, babu sunan kamfani, babu adadin kauri a jiki, babu wanda zai gaya maka irin ƙarfen ko yadda aka gasa shi. Ga ɗalibin da bizarsa ta ƙayyade masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, wannan farashi yana da jan hankali, ba sai an faɗa ba. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kowane rami da aka huda a faifai wuri ne da tsagewa take iya farawa, musamman in ramin yana da kusurwa mai kaifi ko ya matso bakin faifai ko wurin noti. Faifan da ya tsage ya maƙale a cikin kalifa, wato muƙamuƙin da yake matse shi, zai kulle taya nan take, kuma ba zai tambaye ka ko a wane gudu kake ba.

Akwai wani dattijon bakanike Bature a garin da nake, wanda ya yi tseren kulob a ƙuruciyarsa, yanzu kuma yake da ɗan gareji a bayan gidansa. Na kai masa takardar lissafina da hotunan faya-fayai uku. Ya duba lissafin ya gyaɗa kai, sannan ya ce, “Yaro, lissafinka daidai ne, amma bai gaya maka ko faifan zai zauna a tayarka ba. Kawo tsohon mu gani.” Ya ɗora shi a kan benci ya nuna mini abubuwan da zan gwada: faɗin faifai, da yawan ramukan noti da tazararsu, da faɗin ramin tsakiya, da ko faifan a miƙe yake ko yana da ɗan tudu da yake sa shi ya faɗa tsakiyar kalifa. Ya nuna mini sawun da takalmi ya bari a jikin tsohon, ya ce lallai hanyar gogawa ta sabon ta rufe takalmin duka, in ba haka ba gefen takalmin zai rage bai cinye ba, ya yi baki, wata rana bakin nan biyu su haɗu su hana birki kamawa. Ya ƙara da cewa mai babur da yake da ABS sai ya tabbatar zoben da na'urar take karantawa zai koma wurinsa, wanda kuma yake da niyyar shiga gasa ya fara karanta dokar ajinsa, domin wasu azuzuwan ba su yarda a sauya faɗin faifai ba.

Na ce, “To Baba, in kai ne wanne za ka saya?” Ya yi dariya ya ce shi a zamaninsa da yawa takalmin suke fiƙewa su rage masa fuska don birkin ya yi taushi, ba su san wani faifai mai ado ba. Ya ce in taushi nake nema, in fara da takalmi, domin ya fi faifai araha nesa ba kusa ba. Takalman da aka yi da garin ƙarfe, waɗanda akan rubuta wa HH, suna da kamu mai ƙarfi kuma su suka dace da gaba. A baya kuwa irin masu taushin nan da ba na garin ƙarfe ba sun fi ba ƙafa damar lallaɓawa, kuma ba sa cin faifai da sauri.

Abin da na saya

A ƙarshe na tsaya a tsakiya. Na sayi faifan ƙarfe mara tsatsa daga ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin nan, mai faɗin milimita 220 kamar na asali, wanda aka rage masa nauyi daga ciki wajen noti da kuma gefe, amma aka bar hanyar gogawar da kaurinta, kuma an buga iyakar kauri a jikinsa. Ya fi tsohon sauƙi da abin da bai kai giram 200 ba. Wanda ya fi shi rashin nauyi, wanda ya fi burge ni a hoto, kuɗinsa ya kusa ninki biyu, na bar shi. Na haɗa da takalma masu taushi da sabon man birki da sababbin notuna. Mun wanke fuskar rim tas kafin mu ɗora, muka shafa wa notunan maganin hana kwancewa, muka ɗaure su bi da bi a gicciye da sifana mai auna ƙarfi daidai yadda littafin babur ya ce, sannan dattijon ya kafa agogon awo muka juya taya don mu tabbatar faifan ba ya layi. Zagayen farko a fili a hankali na riƙa taɓa shi har takalmi da faifai suka saba da juna.

Ban ji babur ya ƙara gudu ba, da ma lissafi ya gaya mini ba zan ji ba. Abin da na ji shi ne ƙafata ta samu sarari, ina iya taɓa feda a tsakiyar kwana babur ya matso ciki ba tare da tayar ta yi barazanar kullewa ba. Ragowar kuɗin da ban kashe a kan wancan faifai ba na biya wani malamin tuƙi na fili ya bi bayana rabin yini yana duba inda nake kama birki da inda nake kallo. Abin da na rage a zagaye ranar nan ya fi abin da duk wani faifai zai ba ni.

Yayana da yake gida, wanda shi ya tsaya mini wajen fitowa karatu, bai taɓa son wannan harka ba. Da na ba shi labari a waya sai ya ce, “Kai dai ka tuna karatu aka tura ka, kuma Hajiya tana ƙirga watannin da suka rage.” Na ce, “In sha Allahu, Yaya, ina sane.” Kuma ina sane ɗin. Babu ɗayanmu da ya zo ƙasar nan shi kaɗai, kowa akwai waɗanda suka sayar da wani abu ko suka haƙura da wani abu don ya zo. Wanda zai hau babur a gudun kilomita 200 da irin wannan amana a wuyansa, bai kamata ya yi cinikin birki da ido ko da araha ba.

Shawarata ga duk ɗan uwan da yake da sha'awar wannan wasa ita ce ya yi shi a fili, kada ya yi a titi, kuma kafin ya sayi kowane ƙarfe ya auna wanda yake da shi, ya lura da yadda yake amfani da shi, ya yi lissafi, sannan ya nemi wanda ya riga shi daɗewa a harkar ya duba masa. Idan faifanka na asali yana da sauran kauri kuma bai lanƙwashe ba, bar shi, ka sayi taya mai kyau da kuɗin. Idan kuwa ya ƙare kamar nawa, mara nauyi daga sanannen kamfani ba laifi ba ne, muddin ka san abin da kake saya da abin da ba za ka samu ba.

Allah Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, Ya tsare mu a hanya da fili, Ya mayar da mu ga iyayenmu lafiya. Wassalam.